Yadda ake dasa adon katako cikin katako da defonsez da gabari

Aikin nan ba sabo ba ne wajen kafintoci, an daɗe ana fafe katako da sizo a dasa wani mai launi daban a ciki, sai dai da hannu yini guda kana kan fure ɗaya kuma da wuya ka samu biyu sun fito daidai. Da defonsez, wato injin hannu mai fafe katako da ƴan Najeriya ke ce ma rauta, in ka gyara gabarinka sau ɗaya, wato allon da ake huda siffar adon a ciki inji shi riƙa bin bakinshi, to ado ashirin ma za su fito kamar an haife su rana ɗaya. Ni nan Tawa nike yin shi a atiliye, kan tebur da ƙofar armuwar da kan gado, kuma aparanti nawa da yawa sun koya a hannuna, shi ya sa na san inda sabon hannu ke faɗuwa.

Kayan da za ka tanada

Defonsez, in son samu ne mai nutsewa, wato wadda kake danna ta ƙasa meshi, ƙarfen nan da ke juyi yana yanka, shi shiga katako a tsaye. Ƴar ƙarama ta hannu ɗaya ma tana yi amma sai da lura, zan faɗi yadda ake da ita a gaba.

Meshi siriri, ni na milimita 3 nike aiki da shi. Mai murɗe wanda ke tura ƙasa ya fi, don ba ya tsige bakin katako, in babu shi madaidaici ya wadatar in dai da kaifi. A nan ka buɗe ido ƙwarai: akwai meshi mai gindin milimita 6, akwai mai gindin kwatan inci wanda shi 6,35 ne. A ido ɗaya suke amma ba ɗaya ba ne. Kayan da ke shigowa ta Ƙonni sau da yawa na inci ne, injin da anka kawo daga Turai kuma na milimita. In ka sa na 6 a bakin inji na 6,35, wato wurin da ke riƙe gindin meshi, zai zame cikin aiki shi nutse fiye da yadda ka saita, ko shi fita gaba ɗaya, Allah shi kiyaye. Ka tafi da bakin injinka wajen saye ka gwada.

Sai bagi da zobe, su ne zuciyar aikin. Bagi shi ne ɗan bututun ƙarfen da ake ɗaurawa ƙarƙashin defonsez, meshi na fitowa ta cikinshi, shi kuma yana bin bakin gabari. Zobe kuma ana sa shi bisa bagin a ƙara mishi kauri, a cire in an so.

Sauran: kwantirpilake mai kyau na milimita 6 zuwa 10 ko MDF, allon garin katako da anka matse, don gabari, sarjuwan na matse katako aƙalla huɗu, sikoci mai manne fuska biyu, farin kol, sizon katako mai kaifi, magagari, sanfefa, kiriyo, piye-a-kulis don awo, tabarau da abin rufe hanci. Abin da ba ka samu nan ba ka aika kasuwar Katako a Yamai, can ba a rasa irin waɗanga.

Maganar katakon ado kuwa, abin da ake nema launi biyu su saɓa. Ja ko baƙi-baƙi cikin fari, ko fari cikin ja. Ni ba ni sayen katako don ado, guntayen da ke zube ƙarƙashin tebur sun isa, iroko, maɗaci, tek. Wanda ya fi min duka shi ne tsohon turmin ƙirya da ya fashe mata sunka yar, ya shekara da shekaru yana bushewa, ja ne mai duhu, in ya sha barni sai ka rantse wani abu ne mai tsada. Yana da tauri dai, yana cin kaifin meshi. Kada ka je ka sari ice mai rai don wanga aiki, ban da rigima da ƴan gandun daji, ɗanyen ice zai tsuke bayan wata biyu shi bar maka rami kewaye da adon. Samba kuma tana da laushi da yawa, bakinta na yin gashi-gashi, za a iya dasawa cikinta amma kada ka yanke ado da ita.

Lissafin da ya kamata ka riƙe, shi kaɗai ne

Gabari ɗaya ne ke yanke ramin kuma shi ke yanke adon. To yaya za a yi su zo daidai alhali meshi na da nashi kauri? Amsar tana ga zobe. Kaurin bangon zobe dole shi zama daidai da faɗin meshi. Meshi 3, bangon zobe 3. Ke nan in bagi milimita 10 ne daga waje, da zobe sai shi zama 16, don 3 ta wannan gefe 3 ta wancan. Da zobe ake yanke rami, ba zobe ake yanke ado. Zoben ne ke matsar da meshi daidai faɗinshi, har bakin waje na yankan rami shi faɗa kan layi ɗaya da bakin ciki na yankan ado.

Saitin da ake saidawa a kwali galibi na inci ne, meshi 1/8, bagi 5/16, zobe 9/16, lissafin dai guda ne. In ba ka samu saitin ba akwai hanya biyu. Ko ka samu bagi biyu da bambancinsu ya ninka faɗin meshi sau biyu, misali 24 da 30 da meshi 3, ko 17 da 27 da meshi 5, sai dai manyan bagi ba su shiga ƙananan lungu. Ko kuma ka ɗauki baginka da meshinka ka kai ma mai injin turu shi fere maka zobe da farin ƙarfe ko alminiyom, ka tsaya kanshi da piye-a-kulis, zoben shi shiga da ɗan ƙarfi kada shi yi lako-lako. Nawa na farko haka anka yi min shi kuma har yau yana aiki.

1. Zane da yin gabari

Ka fara da abu mai sauƙi, siffar ƙwai, ko ganye, ko lozanji. Na san kowa na son ya fara da kuros ta Agadas ko ta Tawa don su ke jan ido, amma suna da sirara da lunguna da zobe ba ya shiga, ka bari sai hannunka ya faɗa, kuma ko sannan gunduwa-gunduwa ake dasa su da gabari biyu ko uku.

Ramin gabari ya fi adon girma. Da bagi 10 da meshi 3, rabin bagi 5 ne, rabin meshi 1,5, ka haɗa 6,5. To ka zana adonka yadda kake son shi fito, sannan ka ƙara 6,5 kewaye da shi duka, wancan layin na waje shi za ka yanke. Duk wani wuri cikin gabarin da faɗinshi bai wuce 16 ba zobe ba zai shiga ba, ka gwada da zoben a hannu tun kafin ka kunna inji.

Ka huda, ka yanke da si-sotez, wato ƙaramin zarton kuran, ko zarton hannu siriri ka bar layi, sannan magagari da sanfefa da aka naɗe bisa guntun ice har bakin shi yi sumul kuma a tsaye, ba a karkace ba. Nan ne za ka kashe lokaci, ni wani gabarin nikan yi mishi rabin yini. Ka bi bakin da yatsa ido rufe, duk tudun da yatsa ya ji to defonsez za ta kwafe shi ta sa a kowane ado. Ka bar faɗi mai yawa kewaye da ramin, kamar tafin hannu ko fi, don gindin inji shi samu wurin zama kuma sarjuwan kada shi tare hanya. Kaurin gabari dole shi fi tsawon bagi, in bagin ya fi tsawo zai riƙa gogar katakon ƙasa, sai ka sauya kwantirpilake mai kauri ko ka rage bagin da magagari.

Daga ƙarshe ka rubuta SAMA da babban baƙi a fuska ɗaya, ka ja layin giciye na tsakiya har cikin bakin ramin. Gabarin hannu ba ya taɓa zama daidai ta kowane gefe, in ka kifa shi tsakanin yanka biyun ado ba zai shiga ba.

2. Saita inji

Cire fishi daga kuran tukuna, kullum, ko da an ɗauke wuta, don ba ka san sa'ar da za ta dawo ba. Ɗaura bagi, sa meshi, kada ka tura shi har ƙurya, ka ɗan jawo shi kaɗan sannan ka ɗaure. Duba daga ƙasa ko meshi na tsakiyar bagi. Injuna masu arha da yawa ba su zuwa a tsakiya, in gindin na da wasa ka sassauta bis ka daidaita. In ya ƙi, ga dabara: ka sa alamar fenti a gefe ɗaya na injin, duk yankan da za ka yi alamar ta riƙa kallon gabanka, kada ka juya injin a hannu kana zagayawa. In kuskuren ya kasance wuri ɗaya a rami da ado, sai su rufa ma juna asiri.

Meshi siriri na son gudu, in injinka na da lamba ka kai ta sama. Ka naɗe hannun riga, in kana da rawani ka cusa jelarshi ko ka aje shi gefe, abin da ke juyi sama da sau dubu ashirin a minti ba ya jiran ka janye.

3. Yanke ado, ba zobe

Wasu na fara rami, ni ado nike farawa. In ado ya ɓaci guntun katako ne ka yar ka sake, teburin mutane kuwa ba a taɓa shi ba tukuna, kuma da adon a hannu kake auna zurfin rami.

Ka fere katakon adon shi zama falle mai kaurin milimita 3 zuwa 4, shafaffe ta fuska biyu. Ka manna shi bisa wani katakon banza da sikoci mai fuska biyu, kuma ka tabbata akwai sikoci daidai ƙarƙashin abin da zai zama adon, don in meshi ya gama zagayowa gunduwar ta saku za ta motsa meshi shi cije ta. In babu irin wanga sikoci, ka shafa kol kaɗan ka sa takardar jarida tsakani, shi kwana, bayan yanka ka sa sizo a layin takardar sai shi ɓalle, ka kankare sauran. Tsohuwar dabara ce kuma ba ta ba ni kunya ba.

Aza gabari, SAMA na sama, ka lura da inda zaren katako ya nufa, ka danne da sarjuwan. Cire zobe. Manna bagi ga bakin gabari tun kafin ka nutsa, sannan ka kunna ka danna. Kada ka ci zurfin duka a tashi ɗaya, milimita ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa, meshi 3 karyewa gare shi kamar tsinke. Ka zagaya yadda hannun agogo ke tafiya, ta haka juyin meshi da kanshi ke tura bagi ga bango, in ka bi ta baya sai inji shi riƙa janye ka zuwa tsakiya.

Wanga yankan shi ne mai wuya, gaskiya. Duk abin da ke ciki adonka ne, in bagi ya rabu da bango ko da ƙiftawar ido ne meshi ya ci gefen ado, ba gyara. Saboda haka ƙarfin hannunka rabi gaba rabi ga bango, a hankali wajen kwana, kada ka tsaya wuri ɗaya kuma don katako na ƙonewa. In ka zo ƙarshe ka ɗaga meshi tukuna ko ka kashe inji ka jira shi tsaya cak, sannan ka ɗauke. Yarana da yawa a nan suke ɓata aiki, sun gama zagaye lafiya sai murna ta sa su ɗaga inji yana juyi. Mai ƴar ƙaramar defonsez marar nutsewa, ka jingina gefen gindinta bisa gabari, bagi manne da bango, ka sauke ta sannu-sannu kamar kana rufe marfin tukunya.

In falle siriri ya gagare ka, ka yanke zagayen a kan katako mai kauri, zurfin 4, sannan ka tsaga fuskar da zarto adon shi faɗo. Ka liƙa sikoci bisa fuskar kafin tsagawa don kada shi yi tsalle.

4. Yanke rami, da zobe

Sa zobe. Na sake faɗi, sa zobe, ka taɓa shi da yatsa ka tabbata yana nan. Shekarun baya ina gaggawar gama teburin wata Hajiya da ke aurar da ɗiya, anka kira ni waya tsakanin yanka biyu, na dawo na nutsa inji ba zobe, ramin ya fi adon da milimita 3 ta ko'ina bisa fuskar teburin da na kwana huɗu ina gyara. Sai da na yi sabon ado babba na rufe wurin, na kwana atiliye da gurup. Tun ranar nan zoben a ɗaure yake da zare ja, in ba ya kan inji to yana rataye a wuyana ina ganin shi.

Kafin ka taɓa kayan mutane ka gwada a guntun katako, rami ɗaya, ka ga ko adon ya zauna. In ya yi sako-sako ko ya matse da yawa to zobe da meshi ba su dace ba, gara ka sani yanzu.

Ja layin giciye a inda kake son adon, ka daidaita da layin gabari, ka danne da kyau, ka girgiza da hannu ka ji ko yana motsi. Zurfi kuma: ka danna inji a kashe har meshi shi taɓa katako, ka sa guntun fallen adon tsakanin sandar da ke tsayar da zurfin inji da matakinta, ka ɗaure, sannan ka rage kamar rabin milimita. So ake adon shi ɗan fi fuskar tebur tudu. In ya yi tudu kankarewa za ka yi, in ya nutse kuwa sai ka ci fuskar teburin duka kafin ka same shi. A kan kwantirpilake mai fatar ado ka yi hattara, fatar ba ta kai milimita ɗaya ba sau da yawa.

Nan hankali kwance, ka nutsa a tsakiya ka matso bango, ka zagaya kamar agogo, in hannu ya kauce ciki ba komai don duk abin cirewa ne. Bayan zagaye ka share tsakiya kai da komowa. In ramin babba ne ka sauya meshi mai faɗi don tsakiyar kawai, nesa da baki, amma ka sake saita zurfi. Abin da ke cutar mutane a wanga mataki garin katako ne: yana cushewa tsakanin zobe da gabari shi hana zobe kai bango, sai rami shi fito ƙarami. Ka kashe, ka hure, ka sake zagaye ɗaya na ƙarshe kafin ka kwance sarjuwan. In ka kwance ba za ka sake maida gabari daidai wurin ba.

5. Kusurwa

In zanenka na da tsini kamar lozanji ko tauraro, za ka ga adon ya fito da kusurwa mai kaifi amma ramin nashi a zagaye, don meshi zagaye ne. Ko ka gyara kusurwar ramin da sizo, ko ka goge tsinin adon da sanfefa. Ni sizo nike so, tsini mai kaifi shi ke nuna aikin hannu.

6. Gwaji da mannawa

Ka ɗan goge gefen ƙasa na adon kewaye, kaɗan dai, don shi samu hanyar shiga. Ka aza ka danna kamar kashi ɗaya cikin uku, kada ka tura shi duka a bushe, in ya shige ba ya fitowa sai ka fasa shi. Inda ya cije ka shafa kiriyo a bakin rami, wurin da ya yi baƙi a jikin adon shi za ka goge.

Kol a ƙasan rami da bango, siriri, in ya yi yawa ba ya da mafita sai shi hana adon zama. Lokacin zafi, Afrilu da Mayu, farin kol na yin fata kafin ka juya, don haka sarjuwan da katakon dannawa su kasance a hannu tun kafin ka buɗe gwangwani, ni da sassafe nike wanga mataki. Ka aza ado, leda a bisa, guntun katako shafaffe, ka buga da guduma a hankali ko ka matse da sarjuwan. In tsakiyar tebur ne inda sarjuwan ba ya kai, ka aza bulo biyu ko uku. Ka bar shi shi kwana.

Wani abu da ya shafe mu nan Adar: katako na kumbura da damina shi tsuke da hunturu, kuma ta faɗi yake motsi, ta tsawo kusan babu. In adon babba ne zarenshi shi bi zaren tebur don su motsa tare, kuma katakon biyu su yi sati ɗaya ko biyu a ɗaki guda kafin aiki, musamman wanda ya taho daga kudu da danshinshi. Wuri ɗaya ake saɓa wannan, in ana ɗinke tsaga da ado mai siffar malam-buɗe-littafi, shi dole zarenshi shi gicciye tsagar, kuma a yi shi da kauri, kamar sulusin katakon, don riƙo ake so gare shi.

7. Shafewa

Kada ka fara da sanfefa. Garin jan katako na shiga ramukan farin katako shi bar dabbare-dabbare da ba ya fita. Ka rage tudun da ƙaramin rabo na fere katako mai kaifi ko makankara, in babu, fasasshen gilashin taga na kankara da kyau, ka naɗe inda kake riƙewa da tsumma. Ka bi zaren adon. Sai ya yi daidai da tebur har yatsa ba ya jin gaɓa sannan sanfefa 120, 180, 220, a naɗe bisa katako shafaffe, kana hurewa a kai a kai. In da ƴar kafa a gefe, ka kwaɓa garin katakon mai duhu da kol kaɗan ka cusa, shi bushe ka kankare, da mai duhu ake cikewa don layi mai duhu ido na ɗaukar shi kamar zane ne. Duk inda kol ya taɓa fuska ka kankare shi sarai, barni ba ya kama wurin, sai shi fito fari.

Barni na farko siriri, shi bushe, ka goge da 320, sannan na biyu. In iskar hunturu na kaɗawa ka yayyafa ruwa a ƙasan atiliye ka rufe ƙofa kafin ka buɗe gwangwani. Gabarin kuma ka rubuta mishi lambar bagi da zobe da meshi a jiki, 10, 16, 3, ka huda shi ka rataye ga ƙusa inda rana ba ta bugu, don kwantirpilake na lanƙwashewa in anka jingine shi ga bango.